Rijiya ta ƙafe, rafi ya ɗauke: laifin ramin ma'adinai ne ko na fari?

A kusan duk garin da aka buɗe wurin haƙar ma'adinai, ba a jimawa ake fara jin magana iri biyu. Mutanen gari su ce tun da aka fara wannan haƙa rijiyoyinsu suka ja baya, ƙoramar da ke kai su har watan Maris yanzu tana ɗaukewa tun Disamba. Masu haƙa kuma su ce ruwan sama ne ya yi ƙaranci, mutane suka yi yawa, kowa ya haƙa burtsatse a gidansa, me ya haɗa raminsu da rijiyar da ke can nesa? To wa ke da gaskiya? Shin rami a bayan gari yana iya shanye rijiyar da ke tsakar gida?

Lokacin yin wannan tambaya ya yi. A Disambar 2024 gwamnatin Najeriya ta ɗage haramcin haƙar ma'adinai da ta sa a Zamfara tun 2019. A jihar Nasarawa ana ta rububin litiyom. A Nijar kuwa, a watan Yunin 2025 gwamnati ta sanar da mayar da kamfanin yuraniyom na Somaïr hannun ƙasa. Duk muhawarar da ake yi a kan kuɗi ne da tsaro da wa zai mallaki me. Maganar ruwa sai ta zo a ƙarshe, in ma ta zo.

Ina ruwan rijiya yake zaune?

Da yawa daga cikinmu mun taso da tunanin cewa akwai wani kogi ko tafki a ƙarƙashin ƙasa, mai haƙa rijiya yana neman ya huda shi ne. A mafi yawan wurare abin ba haka yake ba. Ruwan yana maƙale ne a 'yan ƙofofin da ke tsakanin ƙwayoyin yashi da tsakuwa, da cikin tsagar duwatsu, kamar yadda soso ke riƙe ruwa. Idan aka yi ruwan sama, wani ya gudu zuwa rafi, wani rana ta ɗauke, wani kuma ya tsime ƙasa sannu a hankali har ya isa inda duk ƙofofin suka cika. Saman wannan cikakken wuri shi ne matakin ruwan ƙasa. Shi ne mai haƙa ke nufi idan ya leƙo daga rami ya ce an tarar da ruwa a gaba takwas.

Shimfiɗar yashi ko dutsen da ke riƙe ruwa mai yawa, kuma take sakinsa idan an nema, ita ce za mu kira rumbun ruwa. Rumbunan nan ba iri ɗaya ba ne. A yankunan Kano da Kaduna da kudancin Katsina da gabashin Zamfara, ƙasar tana zaune ne a kan tsohon dutse mai tauri, ruwan yana cikin ruɓaɓɓen dutsen da ke sama da kuma tsagogi, don haka rumbun ɗan ƙarami ne, yana cika da damina ya ragu da rani. A kwarin Sakkwato da na Tafkin Chadi da arewacin Nijar kuwa akwai shimfiɗun yashi masu kauri da faɗi, wasu ruwansu ya taru tun dubban shekaru.

Abu guda da ya kamata a riƙe: ruwan ƙasa yana tafiya, amma tafiyar hawainiya. Abin da rafi zai ci a daƙiƙa kaɗan, ruwan ƙasa yana iya yin kwana ko mako kafin ya ci shi.

Rijiya da rafi uwa ɗaya uba ɗaya

Wanda ya taso a ƙauye ya san wannan da idonsa. Watan Fabrairu ne, rabon da a ga hadari wata huɗu, gadon rafi ya zama fari fat da yashi. Yarinya ta zo da tulu da ƙwarya, ta durƙusa ta yi tono da hannu kamar kamu ɗaya ko biyu. Yashin ya fara yin duhu, ya yi sanyi, sai ruwa ya fara tsattsafowa ta gefe. Ta kwashe na farko mai laka ta zubar, ta zauna ta jira na biyu ya kwanta garau. Ruwan nan ba daga sama ya zo ba. Ruwan ƙasa ne da ke gangarowa daga tudu zuwa kwari, shi ne dai wanda ke cikin rijiyar gidansu.

Kusan duk rafin da ke gudu da rani, ruwan ƙasa ne ke ciyar da shi. Muddin matakin ruwan ƙasa ya fi gadon rafi tudu, ruwa zai riƙa tsiyayowa cikin rafin. Ranar da matakin ya faɗi ƙasa da gadon, sai al'amari ya juya: rafin ne zai koma yana zubar da ruwansa cikin ƙasa. Shi ya sa ba sai an taɓa rafi da shebur ba kafin a kashe shi. A rage ruwan da ke ƙarƙashinsa kawai, zai ɗauke da kansa. Fadama ma haka take, da idon ruwa, da bishiyoyin bakin rafi da saiwarsu ke sha daga wannan mataki.

Ramin ma'adinai babbar rijiya ce

Da zarar rami ya wuce matakin ruwan ƙasa, ruwa zai fara shigowa ta ko'ina, kuma ba a aiki cikin ruwa. Dole a zuƙe. Ƙananan masu haƙa su jefa tiyon injin ban-ruwa, manyan kamfanoni su kewaye ramin da burtsatse masu zurfi suna ja dare da rana, shekara da shekaru. Ko da ba su buƙatar ruwan, sai sun fitar da shi.

Abin da ke biyo baya ya yi kama da hatsin da aka zuba a mazurari: tsakiya ce ke fara loɓawa, sannan gefe ya riƙa gangarowa. Matakin ruwan yana faɗuwa sosai a bakin ramin, ya faɗi kaɗan a nesa, loɓawar tana ta faɗaɗa muddin ana ja. Rijiyar da ta faɗo cikin wannan da'ira, sai guga ya riƙa dawowa rabi, a ƙara igiya, a kira masu yasa, a ƙara gaba biyu, daga baya a haƙura. Rijiyar talaka ce ke fara mutuwa domin ita ce marar zurfi. Mai burtsatse mai mita sittin zai daɗe bai ji komai ba, har ma ya rantse cewa babu abin da ya canza.

Nisan da abin zai kai ya danganta da irin ƙasar. A dutse mai tauri yana iya tsayawa kusa, sai dai idan ramin ya datse wata doguwar tsaga, to nan rijiyar da ke nesa a kan tsagar za ta ƙafe alhali ta kusa tana nan lafiya. Wannan ne ke rikita mutane, har wani ya ce ai ga rijiyar wane a gindin ramin ba ta ƙafe ba. A shimfiɗar yashi mai faɗi kuwa, tasirin babban rami yana iya kai kilomitoci masu yawa. Ga kuma jinkiri. Tun da ruwan ƙasa ba ya sauri, ana iya fara zuƙa bana amma ƙoramar ƙauye ba za ta nuna alama ba sai bayan shekara uku ko biyar, lokacin da an manta da alaƙar.

Mutanen yammacin Johannesburg a Afirka ta Kudu sun ga iyakar abin. Kamfanonin zinare sun zuƙe ruwan da ke cikin kogon duwatsun ƙarƙashin yankin don su isa ga zinaren da ke ƙasa. Manyan idanun ruwan da manoma ke ban-ruwa da su a kwarin Wonderfontein suka ƙafe, ƙasar da ruwan ke tallafe da ita ta fara rufzawa. A Disambar 1962, a mahaƙar West Driefontein, ƙasa ta haɗiye ginin injin fasa dutse gaba ɗaya da mutum 29 a ciki.

Arlit, inda ruwan ba ya dawowa

Misalin da ya fi kusa da mu, kuma ya fi ci mini rai, shi ne Arlit, kimanin kilomita 250 arewa da Agadas. An kafa Somaïr a 1968, ta fara fitar da yuraniyom daga buɗaɗɗen rami a 1971. Cominak ta biyo baya a 1974, ta fara aiki a 1978 a Akouta, ita kuma ta ƙarƙashin ƙasa, zurfin kusan mita 250. Garuruwan Arlit da Akokan saboda ma'adinin nan aka gina su a tsakiyar hamada.

Babu kogi a wurin, ruwan sama kuma ba a bakin komai yake ba. Komai ya dogara ga rumbunan ƙarƙashin ƙasa, musamman wanda ake kira Tarat: shan mutane, shan raƙuma, 'yan lambuna, wankin ma'adini, yayyafa wa hanya don kwantar da ƙura. Ruwan Tarat tsohon ruwa ne, ya taru tun zamanin da Sahara ke da ciyawa da tafkuna. Abin da ake ɗiba ba ya samun mayewa a tsawon rayuwar mutum, ko ta jikansa. A Kano ko Zariya damina mai albarka tana iya mayar da rijiya. A Arlit kowace lita da ta fita ta fita ke nan. Ga shi kuma ma'adinin yana cikin shimfiɗun dutsen yashi masu ɗauke da ruwa, don haka sai an tsane su kafin a haƙa.

A 2010 ƙungiyar Greenpeace, tare da cibiyar binciken tururin nukiliya ta CRIIRAD da ke Faransa, ta fitar da rahoto cewa cikin shekara 40 mahaƙun biyu sun yi amfani da ruwa lita biliyan 270, kuma huɗu daga cikin samfura biyar na ruwan da aka ɗebo a yankin Arlit suna ɗauke da yuraniyom fiye da ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya. Kamfanin Areva na Faransa, mai gudanar da mahaƙun a lokacin, wanda ya koma Orano a 2018, bai amince da yadda rahoton ya zana lamarin ba, ya ce yana sa ido a kan ruwa da lafiyar jama'a. A ɗaya gefen akwai ƙungiyar Aghir In'Man ta mutanen gari, wadda Almoustapha Alhacen ya jagoranta, ta daɗe tana kokawa kan ruwa da ƙura da lafiyar ma'aikata.

An rufe Cominak a ƙarshen Maris 2021, ta bar tarin sharar ma'adini da aka ƙiyasta ya kai tan miliyan 20, wanda kamfanin ya ce zai lulluɓe da yumɓu da dutse. Sauyin mai mallakar Somaïr bai sauya ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Ko Faransa ce ke riƙe da ramin ko Yamai, famfunan daga rumbu ɗaya suke ja, kuma makiyayin da ke neman rijiya a kwarin yana da haƙƙin a faɗa masa mita nawa ruwan ya sauka tun 1971.

Wani lokaci ruwa ƙaruwa yake yi

Adalci ne a faɗi wannan ma. Ruwan da aka zuƙe daga rami dole a zubar da shi wani wuri, sau da yawa cikin rafi mafi kusa. Sai ka ga rafi ya ƙafe a sama, a ƙasa kuma yana gudu har da rani. Kogin Spree da ke ratsa Barlin, babban birnin Jamus, ya shafe fiye da shekara ɗari yana samun ƙari daga ruwan da ake zuƙowa a mahaƙun kwal na Lausitz. A 2023 hukumar muhalli ta Jamus ta yi gargaɗin cewa idan aka daina haƙar kwal, wanda aka tsara yi nan da 2038, kogin zai iya rasa har kashi 75 cikin ɗari na ruwansa a wasu wurare a watannin zafi. Birni guda ya saba da ruwan aro.

A Filato ma akwai irin wannan fuska biyu. Mutanen Riruwai da ke kudancin jihar Kano suna narka kuza tun kafin zuwan Turawa, amma daga farkon ƙarni na 20 ne kamfanoni suka shigo da manyan injuna, suka karkatar da rafuka, suka tsaga tsaunin Jos. Da kasuwar kuza ta faɗi a 1985, aka bar ɗaruruwan ramuka cike da ruwa a Bukuru da Barikin Ladi da Rayfield. Yau manoman rani suna jan ruwansu suna noma dankalin Turawa da kabeji da tumatir da karas, iyalai da dama da shi suke ci. Amma kududdufan nan suna cin yara da dabbobi, buɗaɗɗen ruwa kuma rana tana shansa fiye da wanda ke ɓoye a ƙasa. Kada a manta daga wannan tsauni kogin Kaduna da Gongola suka taso, da Dilimi da ke gangarawa ya zama ruwan Jama'are. Abin da aka yi wa ƙasa a can sama, na ƙasa ma yana da rabo a ciki.

Ƙananan ramuka da masu ɗiban yashi

Rami ɗaya na 'yan haƙar gargajiya ba zai girgiza rumbun ruwa ba. Ramuka ɗari biyar a kwari ɗaya, kowanne da injinsa, wani zance ne. Sai dai ɓarnarsu ta fi yawa a wurin wanki. Ana niƙa dutse, a zuba garin a kan karkataccen katako da aka shimfiɗa wa kafet, a riƙa kwarara ruwa, zinare ya maƙale, laka ta bi ruwa ta koma rafi. Lakar nan idan ta kwanta a gadon rafi tana toshe ƙofofin yashi kamar an yi daɓe, ruwan damina ya wuce da gudu bai tsima ƙasa ba. Ga zaiba da ake kama zinaren da ita. Ga dalma, wadda ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a 2010, yawanci ta ƙurar dutsen da ake niƙawa a cikin gidaje, har sai da aka kankare ƙasar gidaje da ta kududdufai.

'Yan uwanmu na zango a Ghana sun san inda wannan hanya ke kaiwa. Haƙar da suke kira galamse ta mayar da kogunan Pra da Ofin da Ankobra da Birim kamar kunun kanwa. A 2024 kamfanin ruwan ƙasar ya ce dauɗar ruwan da ke shiga matatar Sekyere Hemang ta kai awo 14,000, alhali an gina ta ne don 2,000, abin da ya jawo ƙarancin ruwan famfo a Cape Coast da Elmina.

Akwai kuma haƙar da ba ma ɗauka haƙa ce: ɗiban yashi. Kowace tifa da ta fito daga gadon kogi ta tafi da wani yanki na soson da ke riƙe ruwan rani. Gadon ya ƙara zurfi, ruwan fadamar da ke gefe ya tsiyaye zuwa cikinsa, 'yan rijiyoyin masu lambu su fara jan iska, gaɓa ta riƙa zaftarewa da gonar mutum. Mai lambun da ke bakin kogin da ake ɗiba ba ya buƙatar a karanta masa wannan.

Bayan an kashe famfo

Ranar da aka rufe mahaƙa ruwa zai fara dawowa, amma dawowar tana iya cin shekaru gommai, kuma ba lallai ya dawo yadda ya tafi ba. A cikin duwatsun zinare da kwal akwai wani dutse mai ƙyalli, haɗin ƙarfe da farar wuta. Muddin yana nutse ba ya cutarwa. Idan aka tsane shi iska ta taɓa shi, sannan ruwa ya dawo, sai ya haifar da asid irin na ruwan batir, wanda ke narko ƙarafa masu guba. A 2002 irin wannan ruwa mai asid ya fara ɓullowa daga tsoffin ramukan zinare kusa da Krugersdorp a Afirka ta Kudu yana shiga rafuka. A gida ma, ruwan da ke fita daga tsohuwar mahaƙar kwal ta Onyeama a Enugu yana shiga kogin Ekulu, shekaru bayan an daina aiki.

To ta yaya za a gane mai laifi?

Masu haƙa ba ƙarya suke yi ba idan suka ce akwai wasu dalilai. Damina tana yin gardama, garuruwa sun cika, burtsatse ya yi yawa, an sare itatuwa. Sau da yawa duka ne suka haɗu. Amma akwai alamu. Fari yana taɓa rijiyoyin yanki kusan bai ɗaya, kuma damina mai kyau tana mayar da su. Idan kuwa rijiyoyin da ke kusa da rami sun fi na nesa faɗuwa, kuma an yi damina biyu masu albarka ba su dawo ba, to a dubi ramin. Haka idan rafi yana da ruwa kafin ya iso wurin haƙa, ya wuce kuma babu.

Doka ba ta yi shiru ba. Dokar ma'adinai ta Najeriya ta 2007 ta wajabta wa mai lasisin haƙa ya yi nazarin tasirin aikinsa ga muhalli, ya gabatar da shirin gyara wurin, ya ƙulla yarjejeniyar raya al'umma da mutanen gari, kuma ta tanadi izini na musamman na amfani da ruwa. A ganina inda al'ummomi ke yin asara shi ne wurin wannan yarjejeniya. Ana zama a fadar hakimi a nemi aji biyu da burtsatse da gurbin aiki ga matasa, duk abubuwa ne masu kyau, amma ba a sa a rubuta zurfin ruwan rijiyoyin gari kafin a fara haƙa ba. Bayan shekara biyar idan aka je ƙorafi, tambayar farko ita ce: da a gaba nawa yake? Sai a rasa takarda. Burtsatsen da aka bayar kyauta kuma daga rumbun da ake zuƙewa yake sha.

Abin da ya kamata a nema a rubuce shi ne rijiyoyin gwaji tsakanin rami da gari, a riƙa auna su a gaban wakilan gari, a bayyana lita nawa ake zuƙa a rana da inda ake zubarwa, da wanda zai ɗauki nauyin ruwan gari idan ya ƙafe, har bayan an rufe. Kafin a samu wannan ma, gari yana iya fara nasa. A zaɓi rijiya biyar ko shida, wasu kusa da wurin haƙa wasu nesa. A samu igiya a ƙulla mata ƙulli a kowace mita, a ɗaura ƙaramin dutse a bakinta. Ranar farko ta kowane wata, da asuba kafin mata su fara ja, malamin makaranta da wani dattijo su zura ta har su ji ta taɓa ruwa, su rubuta kwanan wata da adadin ƙulli a littafi, su sa hannu. A rubuta har da ranar da ƙorama ta daina gudu kowace shekara, a ajiye littafin a wurin mai unguwa.